Murhu Guda, Gari Guda: Yadda Ake Lissafin Ɗumin Birnin Kofanhegan

Ƙasar Danmak tana can arewacin Turai, inda ɗari kan yi wata shida ko bakwai bai saki mutane ba. A watan Janairu ma'aunin zafi a babban birninsu, Kofanhegan, yakan tsaya ne daf da inda ruwa ke daskarewa, a ƙarshen Disamba kuwa rana ba ta wuce awa 7 a sama. Mu nan in hunturu ya matsa sai a hura wuta a ɗaki, a lulluɓa da bargo, bayan 'yan makonni a manta. Su kuwa gidan da ba a ɗumama ba, tsoho da jariri suna iya rasa ransu a cikinsa. Saboda haka injiniyoyinsu in za su shirya abin ɗumama gida, sai su ɗauka cewa wata rana sanyi zai kai digiri 12 ƙasa da daskarewar ruwa, su yi shiri daidai da haka.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, cikin kowane gida 100 na wannan birni, wajen 98 ba su da murhun ɗumi na kansu. Ana dafa ruwa ne a waɗansu manyan tashoshi a gefen gari, a turo shi ta bututai a ƙarƙashin ƙasa, ya shiga unguwa unguwa, gida gida. In ya isa gida sai ya ba da zafinsa ga ƙarafan ɗumi da ke jikin bango da kuma ruwan wanka, sa'an nan ya koma tasha ta wani bututu dabam, a sake dafa shi. Ruwan ba a sha, ba a zubarwa. Ɗan aike ne kawai, zafi yake kaiwa ya komo. A ƙasar baki ɗaya wajen kashi biyu cikin uku na gidaje haka suke samun ɗumi. Za mu kira wannan tsari ɗumin tarayya.

Asalin abin ba a Danmak yake ba. Wani Ba'amurke, Birdsill Holly, shi ya fara sayar da tururi ta bututu a garin Lockport cikin 1877, birnin Niyok kuma ya bi sahu a 1882. A Danmak an fara ne a Frederiksberg cikin 1903, sa'ad da wurin zuba shara ya ƙare musu, suka gina tanderun ƙone ta, suka kai zafin asibiti da waɗansu gidajen hukuma. Amma abin da ya mai da shi al'amarin ƙasa duka shi ne tsadar man fetur ta 1973. A lokacin fiye da kashi 90 cikin 100 na makamashin ƙasar daga man da ake sayowa waje yake. Abin ya yi tsanani har aka hana tuƙa mota ran Lahadi a hunturun shekarar. A 1979 majalisa ta yi dokar ɗumama gidaje, ta ɗora wa kowace hukumar gari ta zana taswirar unguwannin da za a kai wa bututun ɗumi da waɗanda za a kai wa gas. A 1984 aka kafa kamfanoni biyu na hukumomin gari, CTR mai haɗa hukumomi 5 na tsakiyar birni, da VEKS mai haɗa 12 na yamma, suka shimfiɗa manyan bututai fiye da kilomita 150. Mutum wajen miliyan guda ke jin ɗumi da su.

To, ba labarin ƙarfe da siminti muka nufa ba. Bututu in an binne shi an gama. Abin da ba ya ƙarewa shi ne tambayar da ake yi kowace safiya: gobe, daga awa zuwa awa, zafi nawa gari zai bukata, wace tasha za ta dafa shi, kuma a wane zafi za a turo ruwan? In aka dafa ya yi yawa, an ƙone kuɗin jama'a a banza. In ya kasa, wanda ke ƙarshen bututu shi zai kwana cikin ɗari. Dokar Danmak kuwa ta hana a ci riba da ɗumin tarayya. Abin da aka kashe shi ake raba wa masu gidaje su biya. Ke nan duk kuskuren da aka yi a ofis, a aljihun talaka yake sauka, duk tsimin da aka yi kuma shi ke amfana.

Murhu uku da tanki guda

Tashoshin ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu ƙone sharar gari, kamar Vestforbrænding da Amager Bakke wadda aka buɗe a 2017. Waɗannan ba su hutawa, gama shara ba ta daina zuwa, zafinsu kuma shi ya fi araha. Akwai manyan tashoshin lantarki na Avedøre da Amager, masu ƙone dunƙulen garin katako da ɓarɓashin itace da karan alkama. Akwai kuma ƙananan tukwane masu aiki da gas ko mai ko lantarki, waɗanda ake tayarwa in ɗari ya yi tsanani ko wata babbar tasha ta lalace.

Bari mu ƙaga misali da alƙaluma masu sauƙi, wanda malamin lissafi zai iya ɗora wa 'yan aji a allo. A ce gari yana da murhu uku. Na shara yana iya ba da mudu 30 na zafi, kowane mudu kwabo 1. Na itace yana iya ba da mudu 60, kowanne kwabo 3. Na mai ba shi da iyaka, amma mudunsa kwabo 8 ne. Da dare, mutane na barci, gari na bukatar mudu 70. Da safe, kowa ya tashi wanka, bukata ta hau zuwa 110. Akawun da ya bi abin yadda ya zo zai ce: da dare shara 30, itace 40, kuɗi 150. Da safe shara 30, itace 60, mai 20, kuɗi 370. Jimla 520.

Yanzu a ba garin tanki babba wanda ke riƙe ruwan zafi. Da dare sai a bar murhun itace ya ci gaba da cikakken ƙarfinsa, a dafa mudu 90, a ba gari 70, a ajiye 20. Da safe a sake dafa 90, a cika da 20 ɗin nan na tanki, ba a taɓa mai ba ko ɗigo. Kuɗin dare 210, na safe 210, jimla 420. An rage kwabo 100, kusan kashi ɗaya cikin biyar, alhali ba wanda ya ji ɗari, ba a kuma sayi sabon murhu ba. Abin da ya sake kawai shi ne akawu na biyu ya dubi safe tun da dare.

Irin wannan tanki yana nan da gaske. A tashar Avedøre akwai guda biyu, kowanne na ɗaukar ruwa tan 22,000. A Høje Taastrup kuma, yamma da birni, an haƙa rami mai cin tan 70,000, aka shimfiɗe shi da leda mai kauri, aka rufe da murfi mai iyo bisa ruwa. Rumbu ne sosai, sai dai zafi ake zubawa maimakon gero.

Da murhu uku ne da lokaci biyu, ai da fensir ya isa. Amma a ce tashoshi 10 ne, kowace ana iya kunna ta ko a kashe. A awa guda kaɗai akwai hanyoyi 1,024 na shirya su. A awa 24 kuwa adadin hanyoyin lamba ce mai alƙaluma 73 a jere, wadda ba ta da suna a kowane harshe na kasuwa. Bugu da ƙari kowace tasha da halinta. Babbar tukunya in ta huce takan ɗauki awoyi kafin ta tashi, tashin nata kuma da kuɗinsa. Ba ta iya sauka ƙasa da wani ƙarfi sai dai a kashe ta ɗungum. Bututun da ya haɗa gabas da yamma yana da iyakar abin da zai ɗauka, don haka wani lokaci zafi mai araha yana nan, amma ba hanyar da zai bi ya isa inda ake nemansa.

Nan ne siffar lissafi ta shigo. Abin da ake nufi da ita shi ne a rubuta dukan tsarin, tashoshinsa da bututansa da tankunansa, a cikin jerin ƙa'idodin lissafi: wannan ba ya wuce kaza, wancan da wancan in an haɗa dole su kai kaza, abin da ke tanki yanzu shi ne na ɗazu da abin da aka zuba ban da abin da aka ɗiba. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin shiga da fita na baitulmali ya san wannan ƙa'ida ta ƙarshe. Sa'an nan a gaya wa kwamfuta abu guda da ake so ya zama mafi ƙanƙanta, watau jimlar kuɗi, a ce ta nemo shirin da ya cika dukan sharuɗɗan da kuɗi mafi kaɗan. Ba ta bin hanyoyin nan ɗaya ɗaya, don da haka ne da duniya ta tashi ba ta gama ba. Akwai dabarun da ke yar da miliyoyin hanyoyi a lokaci guda in an tabbata ba mai kyau a cikinsu. Tushen wannan ilmi wani Barashe ne, Leonid Kantorovich, ya aza shi a 1939 sa'ad da aka tambaye shi yadda za a raba aiki tsakanin injunan wata masana'antar katako, George Dantzig na Amurka kuma ya fito da hanyar warware irin wannan lissafi a 1947. Kantorovich ya sami lambar Nobel a 1975.

Lantarki da iska

Akwai wani ƙulli da ya sa lissafin Danmak ya fi na misalinmu wuya. Tashar lantarki ta gargajiya, cikin kashi 100 na ƙarfin abin da ta ƙone, wajen 40 ne ke zama lantarki, saura ya bi ruwan sanyaya inji zuwa teku. Tashar da ke yin lantarki da ɗumi tare takan kama wannan zafi da za a yar, ta kai shi gari, har amfanin ya kai kashi 90. Amma ba kyauta ba ne ɗungum. In aka janye tururi daga inji don ɗumama ruwan gari, lantarkin da ake samu yakan ragu, misalin awo ɗaya na lantarki a kan kowane shida ko bakwai na zafi. Ke nan kuɗin zafin ya rataya ga kuɗin lantarkin da aka rasa.

Kuɗin lantarki kuwa a ƙasashen nan ba ya zama wuri guda. Ana cinikinsa a kasuwa ta ƙasa da ƙasa, inda masu sayarwa da masu saye ke miƙa tayinsu na gobe kafin ƙarfe 12 na rana. Fiye da rabin lantarkin da Danmak ke yi a shekarun nan daga injunan iska yake fitowa. Ran da iska ta kaɗa sosai, lantarki ya yi yawa, kuɗinsa ya faɗi, wani lokaci ma har ya sauka ƙasa da sifiri, watau mai yin sa ne zai biya a karɓa. Ran da iska ta kwanta kuwa sai ya yi tsada. Saboda haka murhun itacen nan na misalinmu, wanda muka ce kwabo 3, a gaskiya yau yana iya zama kwabo 1, gobe ya zama 6. In lantarki na tsada, a buɗe wa babbar tasha wuta, a sayar da lantarki, a tara zafin a tanki. In ya faɗi, a rage mata, a sha daga tanki, a kunna tukwanen da ke dafa ruwa da lantarkin da ya yi kwantai.

Wa zai yanke wannan hukunci? Tashar Avedøre ta kamfanin Ørsted ce, ta Amager kuma ta HOFOR ce, kamfanin ruwa da ɗumi na birnin. A kasuwar lantarki kishiyoyi ne, doka ba ta yarda su zauna su buɗe wa juna littattafansu ba. Don haka a 2008 kamfanonin CTR da VEKS da kamfanin ɗumi na birnin suka kafa ƙaramin ofis na tarayya mai suna Varmelast. Kowace safiya ofishin nan yakan haɗa kiyasin bukatar gobe, ya aika wa masu tashoshi, su kuma su maido masa da bayanin abin da kowane awo na zafi zai ci musu. Ya sa a kwamfuta, ya fitar da shirin awa 24, ya gaya wa kowace tasha rabonta da sauran lokaci kafin a rufe kasuwar lantarki. In gobe ta yi, ana sake gyara shirin sau da yawa cikin yini, gama ba a taɓa yin ranar da ta zo daidai da yadda aka zata ba. Ma'aikatan ofishin 'yan kaɗan ne, amma ɗumin mutum miliyan guda ta teburinsu yake bi.

Zafin ruwan da kansa

Sai tambaya ta uku, wadda a ganina ta fi sauran daɗin nazari, domin a cikinta ne ilmin kimiyya na makarantar sakandare ke aiki a fili. Tan guda na ruwa, watau duro biyar, in ya huce da digiri 1 yakan saki zafi daidai da yunit 1.16, irin yunit ɗin da mitar lantarki ke ƙirgawa. A ce ruwa ya bar tasha da digiri 80, ya komo da 40. Ya sauke digiri 40 ke nan, kowane tan ya kai wa gari yunit 46. Da wannan awo tankunan Avedøre biyu suna riƙe yunit wajen miliyan 2.

Bututu komai rufin da aka yi masa yana zubar da zafi cikin ƙasa, kuma yawan zubar ya danganta ga bambancin zafin ruwan da na ƙasar da ke kewaye da shi. A ƙasar Danmak baki ɗaya abin da ke ɓacewa a hanya ya kusa kashi ɗaya cikin biyar, ko da yake a cikin birni mai cunkoso bai kai haka ba. To, me zai hana a rage zafin ruwan? Mu gwada. Ƙasar da bututu ke ciki tana wajen digiri 8. Ruwan tafiya 80, na dawowa 40, tsakaicinsu 60, bambanci da ƙasa 52. In aka sauke na tafiya zuwa 70, tsakaici ya zama 55, bambanci 47. Hasarar hanya ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin goma. Madalla. Amma yanzu kowane tan digiri 30 kaɗai yake saukewa maimakon 40, don haka dole a ƙara yawan ruwan da ake turawa da sulusi. Injin tura ruwa kuwa ba ya ƙara cin lantarki da sulusi kawai. Cinsa yana hawa ne da ninkin gudun ruwan sau uku a kan kansa: huɗu bisa uku, sau huɗu bisa uku, sau huɗu bisa uku, ya ba da 2.37. Ya ninka har da ɗori. Ga riba a hannun dama, ga hasara a hagu, wurin da suka daidaita kuma yana motsi daga awa zuwa awa.

Akwai kuma iyaka ta ƙasa da ba a ƙetarewa ko da lissafi ya ce da riba. Ruwan wanka in ya zauna da ɗumi-ɗumi, ƙasa da digiri 50, wata ƙwayar cuta mai suna Lejiyonela takan hayayyafa a cikinsa, ta kama huhu. Don haka dole ruwan bututu ya isa kowane gida da zafin da zai iya kai ruwan wanka sama da haka.

Kowane gida, muka ce, har da na ƙarshe. A nan ne jinkiri ke shigowa. Ruwa a babban bututu bai fi ya yi mita 2 a daƙiƙa ba. Unguwar da ke nesa da kilomita 20 sai ya yi kusan awa 3 kafin ya isa, a ƙananan bututai na cikin unguwa ma ya fi haka nawa. Ruwan da zai ɗumama wankan ƙarfe 7 na safe tun tsakar dare aka sallame shi. Wanda ke riƙe da tasha kamar mai aika ayari ne: abin da ya ɗora wa raƙuma yau, kasuwar jibi za ta karɓa, ba shi da hanyar kiran su su komo. In ya jira sai ɗari ya sauka kāna ya ƙara wuta, ya makara.

Dā can, maganin wannan shi ne a riƙa tura ruwa da zafi fiye da kima kullum, don kada a ji kunya. Mai tasha ba wanda zai kira shi a waya don ya ɓatar da zafi cikin ƙasa, amma in gida ɗaya ya huce sai ƙara ta kai ga shugabansa. Kowane ma'aikaci ya san irin wannan tsoro, ya kuma san tsadarsa. Abin da masana irin su Farfesa Henrik Madsen na Jami'ar Fasaha ta Danmak suka daɗe suna yi shi ne su maye tsoron da awo. Ana zaɓen waɗansu wurare a ƙarshen bututai, inda ruwa ya fi isa a huce, a sa ma'auni. Ana tara alƙaluman shekaru: sanyin waje, ƙarfin iska, hasken rana, ranar aiki ce ko ta hutu, da zafin da gari ya sha a kowace awa. Daga nan kwamfuta ta koyi halin garin, ta haɗa da hasashen yanayi, ta ce bukatar ƙarfe 7 za ta kai kaza. Muhimmin abu kuma, takan faɗi iyakar kuskuren da take iya yi. In hasashen yana da ƙarfi, a rage rarar zafin da ake ƙarawa don tsaro. In sama ta rikice, ba a san inda iska za ta juya ba, a ƙara. Rarar tana nan, ba a yar da ita ba, sai dai yanzu an san dalilin kowane digiri da ke cikinta.

Ruwan dawowa kuwa ba a hannun tasha yake ba, a hannun masu gidaje yake. Gidan da na'urarsa ta lalace yakan bar ruwa ya wuce bai sauke zafinsa ba, ya koma da digiri 55 maimakon 40, ya cika bututu a banza, ya tilasta wa kowa ƙarin turi. Yanzu galibin gidaje suna da mita mai aika alƙalumanta da kanta, don haka ana iya gane irin wannan gida daga ofis. Kamfanoni da yawa kuma sun sa ƙa'ida: wanda ya mai da ruwa a huce a rage masa kuɗi, wanda ya mai da shi da zafi a ƙara masa. Siffar lissafi ba ta fi alƙaluman da aka ba ta gaskiya ba. In ma'auni guda ya karkace shekara biyu ba wanda ya duba, kwamfuta za ta koyi ƙarya ta riƙe ta da kyau.

Abin da kwamfuta ba ta zaɓa

Na ce ana gaya wa kwamfuta abin da za ta rage. Ba ita ke zaɓensa ba, kuma a nan ne ya kamata a yi hattara da masu cewa lissafi ya yanke hukunci. A Danmak an ɗora haraji mai nauyi a kan gawayin kwal da mai da gas in an yi ɗumi da su, aka ɗauke wa itace. Haraji kuwa yana cikin kuɗin da ake lissafawa. Saboda haka shekara da shekaru amsar da ke fitowa ita ce a ƙone itace, har tashar Amager ta bar kwal a 2020 ta koma ɓarɓashin itace. Amma ƙasar ba ta da dajin da zai ishe ta. Jiragen ruwa ke kawo itacen daga waje, da yawa daga ƙasashen Estoniya da Latbiya, masana kuma suna ta gardama ko wannan ya rage hayaƙin da ke ɗumama duniya kamar yadda littafin hukuma ya nuna, tun da itacen da aka sare sai ya yi shekaru da dama kafin wani ya tsiro ya maye shi. Lissafin bai yi kuskure ba. Tambayar da majalisa ta ba shi ita ya amsa.

Haka kuma kiyasin shekaru masu zuwa ya fi na gobe santsi. An gina Amager Bakke da girman da ya fi sharar da unguwanninta ke tarawa, har ya zama ana shigo da shara daga ƙasashen waje, ciki har da Ingila, don tanderun ya sami abin ci. Birnin Kofanhegan ya yi alkawarin daidaita hayaƙinsa zuwa sifiri a 2025, amma a 2022 hukumarsa ta ce ba zai yiwu ba, domin ba a sami kuɗin kafa na'urar kama hayaƙi a wannan tasha ba.

Duk da haka hanyar da aka dosa a fili take. Tsohon bututun tururi na tsakiyar birni an gama mai da shi na ruwan zafi a 2021. Farfesa Henrik Lund na Jami'ar Aalborg, wanda ya shirya manhajar EnergyPLAN mai lissafa makamashin ƙasa guda awa awa har shekara, shi da Sven Werner na Suwidin da abokan aikinsu sun rubuta a 2014 cewa mataki na gaba shi ne a sauke zafin ruwan zuwa tsakanin digiri 50 da 60. Amfanin haka ya wuce rage hasarar hanya. In ruwa mai ɗan zafi ya isa, to, zafin da dā ake rainawa ya zama abin sayarwa. A garin Odense zafin da ke fita daga ɗakunan kwamfutocin Facebook yana ɗumama dubban gidaje. A Silkeborg an shimfiɗa faifan kama zafin rana fiye da murabba'in mita 150,000 a 2016. A Esbjerg an kafa injin jawo zafi daga ruwan teku, wanda aikinsa kamar na firji ne da aka juya, sanyin a waje, zafin a ciki. Kowane sabon murhu irin waɗannan yana ƙara wa lissafin safiya layi, mafi yawansu kuma ba su jin umarni: rana da iska ba a kunna su.

Ƙasashe masu zafi su ma suna da irin wannan tsari, amma a juye. Maimakon kowane ɗaki ya rataya na'urar sanyaya iska tasa, sai a sanyaya ruwa a tasha guda a tura wa gine-gine. Alhazai sun taɓa jin amfaninsa ko ba su sani ba, gama sanyin da ke cikin Masallacin Harami daga tashoshin Ajyad da Shamiyya ake turo shi ta bututu. Lissafin bai sake ba, sai dai ya fi matsi. Ruwan sanyi yakan tafi da wajen digiri 5 ya komo da 13 ko 14, bambancin bai kai digiri 10 ba, inda na ɗumi ke da 40. Don haka kowane tan kaɗan yake ɗauka, bututun dole ya fi faɗi, kuma ginin da ya mai da ruwansa da digiri 2 ƙasa da yadda aka shirya ya cinye kusan rubu'in aikin ruwan da aka aika masa. Tankin ajiya a can da dare ake cika shi, sa'ad da iska ta yi sanyi injuna suka fi aiki da sauƙi, a sha shi da azahar.